Littafi Abokin Zaman Kaɗaici: Nazarin Karatun Thoreau a Bakin Tafkin Walden

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda karatu ke zama abin ɗebe kewa da gina kai ga mutumin da ke zaune shi kaɗai. An ɗauki zaman da marubucin nan na Amurka, Henry David Thoreau, ya yi a bakin tafkin Walden daga 1845 zuwa 1847 a matsayin abin nazari, domin ya bar bayani a rubuce game da abin da ya karanta da yadda ya karanta shi. Nazarin ya nuna cewa amfanin da ya samu ya zo ne daga littattafai kaɗan masu nauyi, waɗanda ya karanta a tsanake da alƙalami a hannu, ba tare da ya yanke hulɗa da jama'a ba. Daga ƙarshe an jawo hankalin manazarta Hausa zuwa ga mai karatu shi kaɗai, wanda ya cancanci a nazarce shi kamar yadda ake nazartar marubuci da matani.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ce mutum rahama ne. A tsarin zamansa na gargajiya, da wuya mutum ya wayi gari ya kai dare bai ci abinci da wani ba, ko bai zauna a zaure ko dandali an yi hira da shi ba. Wanda ya zauna shi kaɗai kuwa abin tausayi ne ko abin zolaya, kamar yadda tashen gwauro na watan azumi ke nunawa. To amma zamani ya kawo nau'o'in zaman kaɗaici da yawa. Akwai ɗalibin da ya kama ɗaki a wajen makaranta, da ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki ya bar iyalinsa a gida, da mai yi wa ƙasa hidima a garin da ba ya jin harshen mutanensa, da matar da mijinta ya rasu bayan 'ya'ya sun watse. Kowannensu yana da sa'o'i tsakanin sallar isha'i da barci waɗanda dole ya cika su da wani abu, kuma abin da ya cika su da shi yana iya gina shi ko ya rusa shi.

Shawarar da aka fi bai wa irin waɗannan mutane ita ce su riƙa karatu. A ƙasashen Turai da Amurka shawarar har ta zama fanni mai zaman kansa, wato jinya da littafi. Sunan fannin ya fara bayyana ne a wata maƙala da Samuel Crothers ya buga a mujallar Atlantic Monthly a 1916, kuma a 2013 aka ƙaddamar da wani shiri a Ingila wanda ya bai wa likitoci damar tura marasa lafiya ɗakin karatu su ari zaɓaɓɓun littattafai. Sai dai cewa a yi karatu magana ce mai faɗi. Wane irin littafi? Ta wace hanya? Kuma ina iyakar abin da littafi zai iya yi wa mutum? Waɗannan tambayoyi ne maƙalar ta nemi amsawa ta hanyar bin sawun mutum ɗaya da ya gwada abin da kansa.

2.0 Kaɗaici, Kewa da Keɓewa

Kafin a shiga cikin batun, ya dace a bambance kalmomi uku da Hausa ta tanada. Kaɗaici hali ne na zahiri, wato mutum ya kasance babu kowa tare da shi. Kewa ciwo ce ta zuci, kuma kullum tana da abin da take nufa, domin kewar wani ake yi ko kewar wani wuri. Shi ya sa mutum zai iya jin kewa a tsakiyar kasuwa. Keɓewa kuwa aiki ne da mutum ke yi da gangan don wata manufa, kuma halwar masu ibada ita ce misalinta da Hausawa suka fi sani. Idan aka ce littafi yana ɗebe kewa, ana iya nufin abu biyu. Na farko, ya shagaltar da mutum ya manta halin da yake ciki na ɗan lokaci. Na biyu, ya taimake shi ya mayar da kaɗaicin da ya same shi ya zama keɓewa mai manufa. Labarin Thoreau misali ne na nau'i na biyu.

3.0 Thoreau da Zaman Walden

An haifi Thoreau a garin Concord na jihar Massachusetts a 1817, ya yi karatu a Harvard daga 1833 zuwa 1837, inda ya samu horo a harsunan Girkanci da Latin. Bayan ya dawo gida ya gudanar da makaranta tare da yayansa John, wanda shi ne babban amininsa. A 1839 su biyun suka yi tafiyar mako biyu, mafi yawanta a cikin kwalekwale, a kogunan Concord da Merrimack. A watan Janairu na 1842 John ya yanke yatsa da aska, cutar sarƙe-haƙora ta kama shi, ya rasu a hannun ƙaninsa. Rashin ya girgiza Thoreau har shi ma ya kwanta da alamomin cutar alhali ba ta kama shi ba. Wanda bai san wannan ba zai ɗauki zaman Walden a matsayin gwajin rayuwa mai arha kawai, alhali akwai makoki a ƙarƙashinsa.

A watan Maris na 1845 ya ari gatari ya fara saran itatuwa a wani fili na ubangidansa, marubuci Ralph Waldo Emerson, a bakin tafkin Walden, kimanin mil ɗaya da rabi kudu da Concord. Ya gina ɗaki mai faɗin ƙafa 10 da tsawon ƙafa 15, wanda bisa lissafinsa kayan gininsa suka ci dala 28 da 'yan kai. Ya tare a ranar 4 ga Yuli, 1845, ya bar wurin a ranar 6 ga Satumba, 1847, wato shekara biyu da wata biyu da kwana biyu. Kayan ɗakin ba su wuce gado da tebur da teburin rubutu da kujeru uku da 'yan tarkacen girki ba. Littafin da ya rubuta a kan wannan zama, Walden, ya fito a 1854 cikin babi 18, kuma babi na uku ya keɓe shi ga karatu, na biyar ga kaɗaici.

4.0 Abin da Ya Karanta da Yadda Ya Karanta

4.1 Littafi Ɗaya a Kan Tebur

Abin mamaki na farko shi ne ƙarancin abin da ya karanta a farkon zamansa. Shi da kansa ya bayyana cewa a daminar farko aikin ƙarasa ɗaki da noman wake a fili mai kimanin eka biyu da rabi sun hana shi zama ya yi nazari. Abin da ya yi shi ne ya ajiye Iliad, tsohuwar waƙar yaƙi ta Homer ta ƙasar Girka, a kan teburinsa, yana buɗe ta jefi-jefi, yana ƙarfafa kansa da begen cewa lokacin karanta ta sosai yana zuwa. Ya kuma amsa cewa a tsakanin ayyuka ya karanta littafin tafiye-tafiye ɗaya ko biyu marasa zurfi, har ya ji kunyar kansa, domin yana bin labarin wuraren da wasu suka je alhali bai gama sanin inda shi yake zaune ba.

Akwai darasi a nan wanda masu kirga littattafan da suka gama a shekara kan tsallake. Littafin da ke jiran mutum a kan tebur yana yi masa aiki tun kafin ya gama shi, domin yana ba dare wata manufa, yana ba gobe wani abin sa rai. Mai zaman kaɗaici ya fi kowa bukatar wannan, saboda babu wanda ke jiransa a gida idan ya dawo. Ana kuma iya lura cewa Iliad, baya ga yaƙi, labari ne na jarumin da ya rasa amininsa ya shiga baƙin ciki mai tsanani. Ba abin mamaki ba ne mutumin da ya binne ɗan'uwansa shekara uku da suka wuce ya zaɓi wannan littafi ya zama abokin zamansa.

4.2 Karatu a Matsayin Aiki

A babin karatu Thoreau ya raba karatu gida biyu. Akwai mai sauƙi, wanda ke lallashin mutum ya bar hankalinsa yana barci, kuma a nan ya sanya mafi yawan ƙagaggun labaran da mutanen garinsa ke ara. Akwai kuma mai wuya, wanda a ganinsa yake bukatar horo irin na 'yan wasan motsa jiki, da mutum ya ba shi sa'o'in da hankalinsa ya fi zama a farke. Ra'ayinsa shi ne hankalin da marubuci ya zuba wajen rubuta littafi, irinsa ya kamata mai karatu ya zuba wajen karanta shi. Saboda haka ya fifita karanta tsofaffin littattafai a harshensu na asali, ko da mutum zai riƙa neman ma'anar kalma bayan kalma.

Wannan ra'ayi ba baƙo ba ne ga wanda ya san kirarin da Hausawa ke yi wa karatu, cewa farkonsa maɗaci ƙarshensa zuma. Abin da ya kamata a fahimta shi ne dalilin da ya sa wahalar kanta take zama magani ga mai kewa. Kewa tana samun gindin zama ne a zuciyar da ba ta da aikin yi, tana sa mutum ya yi ta maimaita tunani ɗaya. Karatun da ba ya neman komai daga mai yin sa yana barin rabin zuciya a sake, kewar ta ci gaba da aikinta a can. Shafin da sai an tattara hankali duka kafin a fahimce shi kuwa ba ya barin wannan gurbi. Bayan haka, wanda ya sha wuya ya warware shafi mai tsauri yakan tashi da wani abu a hannu, ya san cewa daren bai tafi a banza ba.

4.3 Faɗaɗa Ɗaki Mai Ƙafa Goma

Karatun Thoreau bai tsaya a Girka ba. A cikin Walden ya kawo maganganun Konfushiyas na ƙasar Sin, ya rufe babin farko da hikaya daga Gulistan na Sa'adi Shirazi, mawaƙin Farisa na ƙarni na 13. Ya kuma shaƙu da Bhagavad Gita na Indiya, wanda Charles Wilkins ya fassara zuwa Ingilishi a 1785. A hunturun 1846 zuwa 1847 wasu ma'aikata suka zo suna yankan ƙanƙarar tafkin don fatauci, a zamanin da jiragen ruwa ke kai ƙanƙarar wannan yanki har biranen Indiya irin su Kalkata. Thoreau ya haɗa abubuwan biyu a tunaninsa: shi yana shan hikimar Indiya da safe a bakin Walden, mutanen Indiya kuma suna shan ruwan Walden a bakin kogin Ganges. Wannan hoto ya nuna aiki na biyu da littafi ke yi wa mai zaman kaɗaici. Yana nuna masa cewa tambayoyin da ke hana shi barci sun hana wasu barci a wani zamani da wata ƙasa, kuma sun bar amsoshinsu a rubuce. Mutumin da ya gane haka ya daina ganin damuwarsa a matsayin wata masifa da ta keɓanta da shi.

4.4 Daga Karatu Zuwa Rubutu

Tun a watan Oktoba na 1837 Thoreau ya fara ajiye kundin tunaninsa na yau da kullum, bisa zugar Emerson, ya ci gaba da shi kusan har ƙarshen rayuwarsa a 1862. Yana kuma da al'adar kwafe abin da ya burge shi daga littattafai a wasu kundaye na daban. Saboda haka karatunsa muhawara ce: ya karanta, ya kwafe, ya mayar da martani. Babban aikin da ya kai shi Walden ma rubutu ne. A can ya tsara littafinsa na farko, A Week on the Concord and Merrimack Rivers, wanda ya mayar da tafiyar 1839 ta zama ta mako ɗaya, ya cika ta da abin da ya tsinto daga karance-karancensa, don tunawa da John. Littafin ya fito a 1849 amma bai samu kasuwa ba, domin cikin kwafi 1,000 da aka buga, 706 aka mayar masa gida a 1853. Duk da haka aikin da littafin ya yi wa marubucinsa ya riga ya kammala tun kafin a kai shi maɗaba'a, domin ta hanyarsa ya samu inda zai ajiye baƙin cikinsa.

5.0 Iyakar Littafi

Tun a 1865 James Russell Lowell ya yi wa zaman Walden ba'a, yana nuna cewa mai da'awar dogaro da kai ya ari gatari, ya zauna a filin wani. Har yau akwai masu sukar Thoreau da cewa yakan je gidan mahaifiyarsa cin abinci. Sai dai shi bai ɓoye kusancinsa da gari ba. Ya rubuta babi guda a kan baƙi, wani a kan ƙauyen, inda ya ce yakan taka zuwa Concord kusan kullum ko bayan kwana biyu don jin labarai. Ya ambaci lokacin da mutum 25 zuwa 30 suka taru a ɗakinsa. A kan hanyarsa ta zuwa wurin mai gyaran takalmi ne aka kama shi a watan Yuli na 1846 saboda ƙin biyan haraji, ya kwana ɗaya a kurkuku. Ga manufar wannan maƙala, abin da masu suka ke gani aibi shi ne sirrin nasarar zaman. Littafi ya zame masa aboki nagari saboda bai ɗora masa nauyin zama aboki tilo ba.

Wani abin da ya faru a ɗakin ya ƙara fito da haka. Wani mai saran itace ɗan Kanada mai jin Faransanci, wanda wani limamin coci ya koya wa karatu yana yaro, yakan ziyarce shi. Wata rana baƙon ya riƙe littafin Homer, Thoreau yana fassara masa wurin da jarumi Achilles ke tambayar amininsa Patroclus dalilin hawayensa. Wato littafin da aka ajiye don kaɗaici shi ne ya zama sanadin hira. Haka kuma babin karatu bai ƙare a ɗakin Thoreau ba, ya ƙare ne da kira ga mutanen Concord. Ya zarge su da kashe dala 17,000 wajen gina zauren gari, alhali dala 125 kacal suke tarawa a shekara don laccocin ilimantar da manya, ya nemi ƙauyuka su zama kamar jami'o'i ga mazaunansu.

Akwai kuma inda ya kamata a yi taka-tsantsan da misalinsa. Kaɗaicin Thoreau zaɓi ne na matashi mai lafiya da ilimi, wanda ya san ranar da ya so zai koma gida. Ya ce sau ɗaya kawai, na kimanin sa'a guda, ya taɓa jin zaman ya yi masa nauyi. Matar da ke takaba ko tsohon da aka bari a gida ba su zaɓi halinsu ba, kuma akwai daren da zuciya ba ta iya ɗaukar littafi mai wuya. A irin wannan dare labari mai sauƙi da ya raka mutum har barci ya yi aikin alheri, kuma raina shi da Thoreau ya yi tsanani ne da ya wuce kima. Idan kuma damuwa ta kai matsayin ciwo, wurin likita da 'yan'uwa za a nufa, littafi ya biyo baya.

6.0 Abin Lura ga Manazarta Hausa

Thoreau ya fifita rubutaccen harshe a kan na baka, yana ganin na baka abu ne mai gushewa. Manazarcin adabin baka na Hausa yana da hujjar ƙin amincewa da wannan. Kalmar karatu, wadda tushenta Larabci ne, ta shigo Hausa tare da murya: karatun allo da ƙarfi ake yin sa, a makarantar zaure malami na karantawa yana fassarawa, a tafsiri akwai mai jan baƙi. Hatta a rubutaccen zube, Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a 1937, an gina littafinsa na farko ne a kan aku da ke ba Musa ɗan sarki labarai dare bayan dare don ya hana shi fita, alhali yana cikin kewar waɗanda suka tafi yaƙi. Labari a matsayin maganin kewa tsohon abu ne a adabin Hausa, amma ta kunne aka fi saninsa.

Duk da haka karatun mutum shi kaɗai yana da gurbinsa. Malamai suna da muɗala'a, wato nazarin da ɗalibi ke yi shi kaɗai kafin ko bayan darasi. Daga shekarun 1980 kuma littattafan da aka laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano sun samar da ɗimbin masu karatu a cikin ɗakuna, musamman mata, kuma sukar da aka yi wa waɗannan littattafai a shekarun 1990 ta yi kama da wadda Thoreau ya yi wa labaran da mutanen garinsa ke ara. Yau labaran sun koma cikin wayar hannu, ana karanta su, ana kuma sauraren su. Tsarin nazarin da aka saba koyarwa, na jigo da salo da zubi da tsari da taurari, yana duban abin da ke cikin littafi. Tambayoyin da misalin Walden ya taso da su suna duban abin da ke faruwa a ɗakin mai karatu: wa ke karantawa, a wane lokaci, cikin wane hali, kuma da wa yake tattauna abin da ya karanta washegari? Amsoshinsu ba sa cikin matani, sai an fita an tambayi masu karatun.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi zaman Thoreau a Walden ta fito da abubuwa huɗu da suka sa karatu ya amfane shi. Ya riƙe littattafai kaɗan waɗanda suka fi ƙarfin a gama da su a zama ɗaya. Ya ba su mafi kyawun hankalinsa. Ya mayar musu da martani a rubuce, har baƙin cikin rashin ɗan'uwansa ya zama littafi. Sannan ya bar ƙofarsa a buɗe, abin da ya karanta shi kaɗai ya riƙa komawa cikin hira da jama'a. An kuma nuna cewa misalin yana da iyaka, domin kaɗaicin zaɓi ya bambanta da na dole, kuma karatu mai sauƙi yana da nasa lokacin. Ga ɗalibi ko ma'aikacin da ke komawa ɗakin da babu mai yi masa sannu da zuwa, abin ɗauka a nan ba ya bukatar tafki ko daji. Littafi ɗaya mai nauyi a kan tebur, da kundin rubutu a gefensa, da mutum ɗaya da za a ba labarin abin da aka karanta, sun isa a fara.